Wuƙar Sha-Ɗari

Mainasara taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara ba ni da aikin da ya fi tsokanarsa daɗi. Yanzu na daina. Ba girma ne ya hana ni ba, mutanen garinmu ne suka ɓata mini wasan, domin sunan da nake zolayarsa da shi, shi suka ɗauka suka raba shi da gadon gidansu.

Garin namu ƙaramin gari ne mai kasuwa a ƙasar Sandamu. Ni faci nake yi a bakin tasha, rumfata na jingine da ta mai shayi. Su Mainasara kuwa gidan fawa ne, amma ba fawa kawai ba. Mahauta suna da yawa, mai yanka ɗaya ne. Duk saniya ko tunkiya ko akuyar da za a sayar da namanta a kasuwarmu, sai ta bi ta ƙarƙashin wuƙarsa, domin da bisimillarsa gari yake cin nama. Shi ya sa ba a ba kowa wannan aiki sai wanda aka yarda da sallarsa da hankalinsa. Kakansa ya riƙe, ubansa Malam Amadu ya riƙe. Wuƙar ma guda ce, doguwa, an naɗe ƙotarta da jar fata, tana da kubenta, ba a yanka ko albasa da ita. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a Malam Amadu ya rasu, bayan sadakar bakwai Sarkin Fawa Audi ya tara mahauta ya miƙa wa Mainasara ita. Wasu sun ɗan yi gunaguni cewa yaron ɗan dambe ne. Audi ya ce dambe ai gadon mahauta ne, in za a hana ɗan dambe wuƙa sai a je a nemo masaƙi ya yi yankan.

Ni dai na ga yankansa, kuma ban ga irinsa ba. Ba ya wasa wuƙa a gaban dabba, ba ya yarda a ja tunkiya da ƙafa, sai an ba ta ruwa. In ya ɗora hannu a wuyan sa, ja ɗaya yake yi ya miƙe. Idanunsa kullum jajaye, saboda bayan yanka shi yake tsayawa kan masu babbakar kai da ƙafa, hayaƙi ya gama cinye su tun yana saurayi.

Dambensa kuma, gaskiya ɗaya ce, ba shi da kyau. Na sha faɗa masa. Gajere ne, wuya kamar turmi, ba ya rawa, ba ya kauce-kauce, kirari ma bai iya ba. In aka naɗe masa hannu da kara, igiyar 'yan dambe, ya shiga fili, sai ya kafe ƙafa ya ɗaga hannun kariya ya tsaya. Abokin karawa ya yi ta jibgarsa, a kai, a haƙarƙari, a kunne, har hannunsa ya mutu. Sannan Mainasara ya kai naushi guda. A dambe ba sai an sumar da mutum ba, da zarar gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, haka ake faɗa. To shi ba a taɓa kashe shi ba. An yi turmi uku da shi, wato zagaye uku, an tashi ba kisa, wannan ya faru ba iyaka, amma gwiwarsa ba ta san ƙasar fili ba.

A wani damben kaka a Baure Ya'u makaɗi ya raɗa masa suna. Ya ga yadda wani dogo ya gaji da dukansa, sai ya matse kalangu ya ce, Sha-ɗari ka rama ɗaya, bangon gidan Amadu. Fili ya ɗauka. Kowa ya san abin da ake nufi, naushi ɗari yake sha kafin ya rama. Ni kuwa abin nema ya samu. Na riƙa ce masa Sha-ɗari jakin Baure, wanda ya saba da sanda, shi kuma ya ce da ni bawansa mai shaƙar iskar taya. Lokacin babu wanda ya taɓa jin kalmar tiramol a ƙasarmu.

Kada a ce na ɓoye wani abu, yana da maganinsa irin na kowane ɗan dambe. An yi masa tsaga a hannu an shafa garin saiwa, yana ɗaura laya, ya sha rubutu tun na ubansa. Wannan ba wanda ya taɓa ɗaukarsa abin kunya, a bainar jama'a ake yi. Ko goro bai dame shi ba, balle taba.

Sai ƙwaya ta shigo. Ta hanyoyin babura ta zo, daga nan bakin iyaka, a cikin kwalayen masu tallar magani. Da farko 'yan ƙwadago ne suke sha su yi noman yini ba su ji ba, sai 'yan acaba, sai masu dako, sai 'yan dambe. Lamba-lamba ake sayar da ita, akwai ɗari, akwai ɗari biyu, har abin da ya fi haka. Ni da nake zaune kusa da mai shayi ba labari aka ba ni ba. Da idona nake ganin saurayi ya ɓare kati ya jefa biyu a kofi ya juya da cokali, yana yi yana gaishe ni. Dambe ya lalace, na faɗa kuma zan ƙara faɗa. Yaro zai shiga fili baki na kumfa, a karya masa muƙamuƙi bai sani ba, ya ci wasa, a ɗaga shi sama, anjima a same shi bayan mota yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Masu kallo sun sani, masu kiɗa sun sani, masu naɗa hannu sun fi kowa sani. Ba wanda ya ce uffan, don jini suke so su gani. Ni abin ƙyama yake ba ni, har na rage zuwa.

Mainasara bai rage ba. Ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, matarsa Barakatu na ta fama da shi ya ajiye kara, yana cewa sai baɗi. A wannan baɗin ne aka haɗa shi da Jafaru a Mai'adua. Jafaru yaro ne ɗanye, ya girmi ɗan Mainasara na fari da kaɗan, kuma a kakar nan bai bar kowa a tsaye ba. Ya yi turmi biyu yana dukan taubashina kamar ana sussukar gero. A na uku hannunsa ya yi sanyi, Mainasara ya kai nasa guda ɗaya, Jafaru ya zauna daɓas. Abin da aka saba gani ne shekara da shekaru, sai dai masu kallon sun sake. Yawancinsu ba a haife su ba ranar da Ya'u ya raɗa sunan.

Ina tsaye a wurin lokacin da wani daga cikin mutanen Jafaru ya ɗaga murya ya ce, "Dattijo kamar wannan ya sha irin wannan duka bai faɗi ba? Ai sunansa ma ya faɗa. Ɗarin ce ta yi masa kaɗan yau, Sha-ɗari-biyu ne."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na san daɗin baƙar magana, sana'ata ce ta biyu, amma wannan ba ta ba ni dariya ba. Kafin mu iso gida maganar ta riga mu. Kafin kasuwa ta zagayo an haɗa ta da jan idonsa, an haɗa da rashin maganarsa, har an samu wanda ya rantse ya ga kati a aljihunsa, da aka tambaye shi yaushe sai ya ce wani ne ya gani. Yaran ba su ba ni haushi sosai ba, ba su san asalin sunan ba. Manyan ne suka tayar mini da zuciya. Mutanen da suka yi ihu a Baure, waɗanda suka san Sha-ɗari tun kafin ƙwayar ta shigo, su ne suka riƙa taɓe baki suna cewa Allah ne masani. Na tare Ya'u da kaina na ce ya buɗe baki ya faɗi inda sunan ya fito, tunda daga bakinsa ya fito. Ya ce shi makaɗi ne, wanda ke tashe yake yi wa kiɗa, kuma yanzu Jafaru ke tashe. Na tofar da yawu na bar shi.

Da a fili maganar ta tsaya da sauƙi. Wata ranar Juma'a bayan karatu wani ya tambayi liman hukuncin yankan wanda ya sha abin maye. Bai ambaci suna ba. Liman ya ba da amsar da ke cikin littafi, cewa in hankalin mai yanka ya gushe ba a cin yankansa, shi ma bai ambaci suna ba. Ba sai an ambata ba, mai yanka ɗaya ne a garin. Ranar kasuwa masu tuwo suka aika aka sayo musu nama daga wani gari. Matan aure suka riƙa mayar da tsire. Nama ya kwana a rumfuna har ya fara wari, kuma mahaucin da namansa ya kwana ba ya neman gaskiya, mafita yake nema.

Sarkin Fawa Audi ya kira Mainasara zaurensa ya ce ya ajiye wuƙa tukuna, har ƙura ta lafa. Mainasara ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Audi ya ce rantsuwa tsakaninsa da Ubangijinsa ce, kasuwa kuwa ido take so ta gani. Na ce to mu tafi Daura a gwada jininsa a asibiti, aka ce takarda ai ko wa ya je da 'yan canjinsa zai samo. Ka ji mutane. Littafin Allah bai ishe su ba, likita bai ishe su ba, amma maganar ɗan kallo a Mai'adua ta ishe su. Mainasara ya kwance kuben daga ƙugunsa ya ajiye a kan tabarma. Aka ba Abbas riƙon ƙwarya, ɗan ƙanwar Audi. Abbas na cikin masu gaishe ni da safe a rumfar mai shayi suna juya cokali.

Na faɗa wa Mainasara wannan, na ce bari in tona. Ya hana ni. Ya ce in aka ce Abbas ma yana sha, garin zai daina cin nama gaba ɗaya, yaran mahauta su kwana da yunwa, kuma hakan ba zai wanke shi ba. Shi ya riga ya samo tasa dabarar, kuma dabara ce irin ta mutumin da bai taɓa kaucewa naushi ba. Zai sake karawa da Jafaru a filin garinmu ranar Alhamis, yana azumi. Tun Talata zai tare a zauren Audi, ya ci abin da Audi ya ci a ƙwarya ɗaya, ya yi sahur a gabansa, ya yini a gabansa, daga nan a wuce da shi fili. Mai azumi ba ya haɗiyar ƙwaya. In ya tsaya kamar yadda ya saba, kasuwa ta gani da idonta, a mayar masa da wuƙar ubansa. Audi ya ce ya yarda.

Barakatu ba ta yarda ba. Mace ce marar yawan magana, ina zaune a tsakar gidan tana tankaɗe ta ce masa, "Malam, wanda ya riga ya yanke maka hukunci ba shaida yake nema ba. Ka bar su da Allah, mu ci geronmu."

"In na bar su, na yarda ke nan," in ji shi.

Ni ma na yi nawa ƙoƙarin, har da zagi irin na taubasai. Na ce jaki ma in ya tsufa ana rage masa kaya. Ya ce bawa ba ya ba ubangidansa shawara. Abin da ban ji kowa ya tambaya ba, daga Audi har liman har 'yan kallo, shi ne a ina Jafaru zai kwana, kuma me zai karya da shi. Shi ba a zarge shi da komai ba, saboda haka ba a nemi ya yi azumi ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar fili ya cika har kan katanga, mutane daga Sandamu, daga Baure, har daga tsallaken iyaka. Rana ta yi zafi ranar. Mainasara ya fito daga zauren Audi leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Da Jafaru ya tuɓe riga na dubi idonsa na san abin da na gani, don kullum ina ganin irinsa. Yana ta tsalle yana lasar baki, gumi na zuba tun ba a fara ba. Ya'u na bayansa da kalangu.

Turmin farko Mainasara ya tsaya. Na biyu ya tsaya, amma na ga ƙafarsa ta baya tana neman wuri, abin da ban taɓa gani ba. Da aka raba su aka kawo wa Jafaru ruwa ya kurkure baki ya sha, aka zuba masa a ka. Taubashina ya tsaya a gefe yana kallon ƙasa, ko kurkurar baki bai yi ba don kada a ce wani abu. A turmi na uku ya jira hannun yaron ya mutu, kamar yadda hannun kowa yake mutuwa. Bai mutu ba. Hannun da ba ya jin ciwo ba ya gajiya da wuri. Naushi ya same shi a ƙasan kunne, ya yi taga-taga, gwiwarsa ta dama ta taɓa ƙasa. Taɓawa kawai ta yi, ya miƙe nan take, amma kowa ya gani.

Sai wani dattijo, wanda na san yana Baure ranar raɗin sunan, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, kun gani. Ba ƙwaya, ba Sha-ɗari."

Na dubi Audi, na ga yana gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka warware wa wata matsala. Aka ɗauki Jafaru a kafaɗa ana zagaya fili da shi. Ba a jima ba na gan shi a bayan wata motar ɗaukar shanu yana kelaya amai, abokansa sun kare shi da riguna. Ban taɓa jin ƙyamar garinmu irin ta wannan yammaci ba. Mutum ya yini da ƙishirwa don ya nuna musu gaskiya, sun karɓi gaskiyar sun mayar da ita shaidar ƙaryarsu, kuma suka tafi gida da zuciya wasai.

Mainasara ya zauna a gindin wata bedi ya kwance karan hannunsa da kansa. Bai karya azumin ba sai da aka kira magariba. Na miƙa masa ruwa a buta, ya sha, ya ajiye butar, ya dube ni ya ce:

"Mati, da na tsaya fa?"

"Da sun ce tsohuwar ce ba ta gama fita daga jininka ba."

Ya yi 'yar dariya ta hanci ya ce Barakatu ta riga ni faɗa.

Wuƙar ba ta dawo ba. Riƙon ƙwaryar Abbas ya zama riƙon dindindin ba tare da an tara kowa ba. A inji yake wasa ta, ta sirance, jar fatar ƙotar ta ɓare an naɗe da roba. Gari na cin nama hankali kwance. Ni na koma cin wake da kifi busasshe, in an tambaye ni sai in ce haƙori ne. Jafaru bai yi kaka uku a fili ba, yanzu yana zaune a tashar Mai'adua hannunsa na karkarwa, Ya'u ya koma bayan wani. Mainasara yana noma geronsa, da rani yana sayen fatu a ƙauyuka ya kai Daura. Ba ya zuwa kallon dambe, ba ya bi ta mahauta. Idonsa ma ya washe tunda ya rabu da hayaƙin babbaka, kuma na ji da kunnena ana cewa ai ga shi nan, tunda ya daina sha idon ya yi fari.

Bayan sallar layya da ta wuce na je gaishe su. Barakatu ta ce ba zan tafi ban ci komai ba, ta kamo wani jan zakara ta fito da shi da wuƙar girki. Sai na ga ta nufo ni da su. Na ce mata wace irin magana ce wannan, ga mai yanka a zaune, jikan mai yanka. Ta ce tun ranar Alhamis ɗin nan bai ƙara sa wa dabba wuƙa ba, ko ragon layyarsu maƙwabci ake kira.

Na juya gare shi da niyyar in yi masa tsiya irin ta da, ko zai motsa. Ya riga ni.

"Kai baƙo ne, Mati. Kada a ce na ciyar da kai mushe."

Na karɓi zakaran. Ni mai faci ne, abin da na sani taya da gam. Na take fikafikan, na yi bisimilla, wuƙar ba ta da kaifi, na yi ta ja zakaran na ta fizga. Mainasara ya kau da kai ya dubi katanga har aka gama. Da na je wanke hannu ya matso kusa da ni, ya ɗauki wuƙar ya gwada bakinta da babban yatsa, ya ajiye.

"Gaba ka riƙa wasa ta tukuna," ya ce. "Dabbar ba ta yi maka laifin komai ba."

Barakatu ta dafa shi da yaji da albasa, ta kawo mana a kwano ɗaya. Shi ya ci. Ni na kasa.